Laimar Da Ba Ta Tare Rana

Zuwa ga Lujain, amaryata, sanyin idona, inuwar da Allah Ya ba ni a garin da kowa ke neman inuwa. Zuwa ga wadda in ta yi murmushi nake jin irin abin da mutum ke ji sa'ad da ya fito daga zafin azahar ya taka ƙofar Harami, iska mai sanyi ta bugi fuskarsa. Furen Ɗa'if da raɓa ba ta gama bushewa a kansa ba, tattabarar masallaci mai takun natsuwa, kurɓin ruwan farko a maƙogwaron mai azumi! Sallama da aminci su tabbata gare ki, da Kaka Hure, da duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ke a Utaibiyya.

Na san karatun Hausa yana miki nauyi, kina bin sa a hankali kamar mai hawan tudun unguwarku da kaya a hannu. Ki yi haƙuri da ni. Ke kika taɓa ce min in ina Larabci zolaya nake, in na juya Hausa to da gaske nake. To ga ni na juya.

Saƙonki ya same ni a shago ina jera kaya. Kika ce, "Mukhtaru, mu je Ɗa'if kamar kowa, halas." Na karanta, na sa wayar a aljihu, na sake fiddo ta na karanta, ko kalmomin za su canza. Ba su canza ba. Ban ji haushi ba, wallahi, ta yaya zan ji haushin bakin da ya ce na yarda ranar ɗaurin aurenmu? Amma na san muryarki, ya galbi. Wannan kalmar halas, wato shi ke nan, ba ta wadda ba ta so ba ce, ta wadda take so ce tana tsoro. Shi ya sa na zauna in rubuta miki, don biki ya matso, kuma tafiyar amarcinmu, shahar asal ɗin nan da nake ta mafarki, tana jiran kalma ɗaya daga gare ki. Ni Hong Kong nake so mu je. Na sha faɗa miki sunan garin, amma ban taɓa faɗa miki dalilin duka ba. Yau za ki ji shi.

Kin tuna laimar nan? Na san kin tuna, don har yau in na ambace ta sai ki rufe fuska.

Ana dab da aikin Hajji aka sauke mana kaya a shagon Kawu Issoufou da ke Shisha: dardumomi, silifas, bel na harami, da kwalayen shamsiyya kamar kullum. Na yanka wani kwali na zaro ɗaya na buɗe, sai na ga silin shago ta cikinta. Leda ce garai-garai kamar gilashi, ba launi, ba yadi, ba abin da zai tare ko hasken kyandir. Kawu ya karɓa ya fita da ita bakin titi ya tsaya a rana, rana ta ratsa ta ta sauka a kan sanƙonsa kamar ba komai a sama. Ya dawo yana faɗa, wai masu masana'anta sun manta ba su sa mata riga ba. Maƙwabta suka taru suna dariya. Mai shagon turare ya ce mu ajiye ta mu riƙa gasa masara a ƙarƙashinta. Mu duka, manya da yara, mazauna Makka, ba wanda ya kawo a ransa cewa ba lalatacciya ba ce. Sunanta fa shamsiyya, abar rana. In ba ta tare rana ba, me ya rage mata?

Na rataye guda a bakin ƙofa don nishaɗi. Kwanaki kaɗan bayan haka kuka shigo ke da Kaka Hure neman takalmin da ba zai matse mata ƙafa ba. Ni ina durƙushe ina gwada mata, ke kuma kika miƙa hannu kika sauke laimar, kika buɗe ta a tsakiyar shago, kika kalle ni ta cikinta. Ya salam! Idanu biyu a saman niƙabi, a bayan leda mai sheƙi, kamar taurari biyu da aka hango a ƙasan rijiya. Kika ce, "Ya akhi, wannan shamsiyyar ta manta aikinta." Kaka ta ɗago ta ƙura mata ido ta ce, "Wagga ai tsirara take, ku suturta ta." Ni kuwa takalmin hagu na riƙe ina ƙoƙarin sa shi a ƙafar dama.

A daidai nan wani dattijon alhaji ya tsaya a ƙofa, gajere, fari, da 'yar jakarsa rataye a wuya. Ya ga laimar a hannunki, fuskarsa ta washe kamar ya haɗu da ɗan garinsu. Larabcinsa bai wuce na salla ba, sai ya nuna wajen da kike tsaye da yatsa, ya juyo ya kalle ni, yana ta maimaitawa, "Matar! Matar!" Ruwan sama yake nufi, da Larabci. Amma kunnen Kawu Issoufou har gobe na Maraɗi ne. Ya miƙe daga kujera ya ce, "Matar wa? Mukhtaru, yaushe ka yi aure ban sani ba?" Kaka Hure ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ba matar kowa ba ce, jikata ce, ku shiga hankalinku!" Ke kuma kika ajiye laimar a kan dardumomi kika fice, kafaɗunki na rawa. Na san dariya kike, don mai kuka ba ya tsayawa a bakin titi yana leƙen shago ta gefen ido.

A ranar na koyi abu biyu. Na farko, laimar ba lalatacciya ba ce, ta ruwa ce, an yi ta garai-garai ne don mai tafiya cikin ruwan sama ya riƙa ganin gabansa, ya ga gari, ya ga sararin sama yana zubowa a kansa bai taɓa shi ba. Na biyu, tambayar Kawu tana da amsa, ni kaɗai na san ta, kuma na yi shiru da ita har sai da lokacinta ya yi.

Dattijon nan shi ne Alhaji Ismail, mutumin Hong Kong. Washegari ya dawo da 'yan ayarinsu suka kwashe kwalin duka suna murna, amma guda ɗaya ba su same ta ba, don na riga na ɓoye ta a bayan kanta. Wadda hannunki ya taɓa. Tun daga lokacin muka ƙulla zumunci da shi, rabi da hannu, rabi da waya mai fassara. Duk sanda aka yi ruwa a garinsu sai ya tsaya a taga ya ɗauko min hoto mai motsi ya turo, ba ya rubuta komai sai kalmar nan tasa guda. Duk tsawon lokacin da nake neman gidanku, da lokacin da manya ke kai da kawowa, da lokacin da yayanki Rakan ke yi min tambayoyi kamar zai ɗauke ni aikin gwamnati, ni ina kallon ruwan wani gari a tafin hannuna ina cewa, Allah Ka kai mu.

Ki duba ki gani, Lujain. Mu a nan me muka sani game da ruwa? Sai a daɗe ba a ga hadari ba. Ran da ya haɗo ta bayan duwatsu, gari ya rikice, yara su fito titi, tsofaffi su ɗaga hannu, masu ɗawafi su yi ta neman kusantar indararon Ɗakin Allah, kowa na kiran 'yan gidansu a waya, kafin a ɗauka ya ɗauke. Wa zai buɗe laima a irin wannan ruwa? Ai kunya ma ba za ta bar ka ba, baƙon da ka daɗe kana jira ya zo ka tare shi da leda? Na sayar da laimomi tun ban kai kanta tsawo ba, amma ban taɓa jin ƙarar ɗigon ruwa a kan ko guda ba. Ke ma ba ki taɓa ji ba. A can kuwa ruwa yake wuni yana zuba, mutane na ta harkarsu a cikinsa, titi na sheƙi kamar an goge marmara.

Kuma akwai abin da na lura da shi a bakin shago, ban taɓa faɗa wa kowa ba. In alhaji da matarsa suka zo daga ƙasar rana, laima biyu suke saye, kowa ya riƙe tasa, su jera da tazara a tsakaninsu. In daga ƙasar ruwa suka zo, guda ɗaya suke saye. Mijin ya riƙe, matar ta matso har kafaɗa ta taɓa kafaɗa, kuma in kin lura da kyau za ki ga ya karkata ta ɓangarenta, rabin jikinsa a waje, bai ma san yana yi ba. Hannunsa ne ya saba. Na ga tsofaffi masu furfura suna tafiya haka a ranar da ke narka kwalta, na bi su da ido har suka sha kwana. Wannan sabon nake so hannuna ya yi, habibti. A ina zan koye shi in ba a inda ake ruwa ba? Da wa zan koye shi in ba da ke ba?

Bari in kai ki garin tun kafin mu je, don na kalle shi har na kusa haddace shi. Kin san me ya fara ba ni mamaki? Ya yi kama da namu! Gari ne da duwatsu suka matse shi bai samu wajen miƙe ƙafa ba, sai ya miƙe sama. Sai dai duwatsunmu baƙaƙe ne tsirara, nasu kuwa kore shar, kamar an lulluɓe su da bargo. Mu muna huda dutse mu wuce da mota ta nafak, wato ramin cikin dutse, su har ƙarƙashin teku suka huda. Benayensu sirara ne dogaye, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallar Juma'a, kuma a jikin taga za ki ga shanya tana lilo a can sama inda ko tsuntsu sai ya huta kafin ya kai. Magina kuma, ki ji wannan, da sandunan gora suke ɗaura abin hawansu, gora dai da kika sani, su ɗaure ta su hau har ƙololuwa. Na nuna wa Kawu ya ce ƙarya ne, haɗin waya ne.

Teku ta raba garin biyu, ana tsallaka ta da jirgin fito, wani tsoho mai launin kore da fari, yana zuwa yana dawowa wuni guda bai gaji ba. Za mu shiga mu zauna a gefen da iska ke kaɗawa. Kin taɓa ganin teku a Jidda daga bakin gaɓa, kina riƙe da kofin shayi, amma kin taɓa jin ta tana motsi a ƙarƙashin ƙafarki? Za mu wuce manyan jiragen kaya masu ɗauke da kwantena jibge kamar gidaje, in nuna miki in ce, ƙila ta irin wannan hanya laimarmu ta biyo ta zo neman mu. Za mu ga wani kwale-kwale mai jan filafilai kamar fiffiken jemage. In muka sauka, in kin ce mu sake, mu sake. In kin ce har magariba, har magariba. Bayan magariba kuma fitilun benayen nan duka su kunnu, su faɗa cikin ruwa, su yi ta rawa, ja da shuɗi da ruwan zinariya, kamar an zazzage akwatin sarƙoƙin amarya a teku. Ni dai na san ba teku zan kalla ba. Zan kalli fitilun a cikin idonki, in ga garin sau biyu.

Akwai wani tarago da ake ja da igiyar ƙarfe ya hau dutsen da ya fi tsawo, kuma tsabar miƙewar hanyar, in kina ciki sai ki ga benaye sun karkace kamar za su yi ruku'u. A can ƙoli gari duka yana ƙasanki, wani lokaci gajimare ya zo ya ratsa ta tsakanin mutane. Gajimare, Lujain! Ki miƙa hannu ki taɓa abin da muke wuni muna roƙo! Akwai taragon titi mai hawa biyu, siriri, yana tafe yana kaɗa ƙararrawa, za mu hau sama mu zauna a gaba kamar masu gari. Akwai matakala mai tafiya da kanta, irin ta Harami, amma a tsakiyar unguwa, tana hawa tudu tana wuce shaguna da tagogin mutane. Da na gan ta na ce, ina ma a ɗauko ta a dasa a Utaibiyya saboda gwiwar Kaka. Talafirik ɗinsu kuma, akwatin nan mai ɗaukar mutane yana tafiya rataye a igiya a sama, ba irin na Hada ta hanyar Ɗa'if ba ne da za ki leƙa ki ga birai a kan duwatsu, wannan ta kan teku yake wucewa. Akwai wani layi a kasuwa da ba a sayar da komai sai ƙananan kifaye masu launi, kowanne a cikin 'yar ledarsa ta ruwa, an rataye su jere kamar yadda nake rataye carbi. Na san a nan za ki tsaya ki ƙi tafiya. Zan jira. Jira ai sana'ata ce.

Rakan ya ce wai me za mu ci a can, za mu dawo kamar sandar rake. Ki gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Akwai Musulmi, akwai masallatai, ɗaya ma fari ne mai ƙubba a bakin babban titi, kusa da wani lambu. Alhaji Ismail ya ce a wani masallacin akwai ɗakin cin abinci a sama, ana kawo wasu 'yan ƙulle-ƙulle na fulawa da nama a cikin kwandon gora, tururi na tashi. Na ƙura wa hoton ido na ce, wannan ai mantun da muke ci a Makka ne ya yi tafiya ya canza suna! Da tsinke biyu ake ɗauka. Na gwada a shago da alƙaluma biyu da dabino, dabinon ya tsere ya faɗa cikin shayin Kawu. Ki shirya dariya, na yafe miki tun yanzu. Cunkoso kuma da ake tsoratar da mu da shi, mu? Mu da muke tsallaka titi ranar da alhazai ke saukowa daga Mina? Su dai su yi hattara da mu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa kika ce Ɗa'if. Ba tsoron jirgi ba ne, ba tsoron teku ba. Kaka Hure ce. Ke kike ba ta magani, ke kike matsa mata ƙafa, kuma kin tashi kina jin ta tana cewa wanda ya iso Ɗakin Allah ba shi da sauran wurin gani a duniya. Kin ji tsoron kar ta ga kamar mun raina abin da ta sha wuya ta kawo ku gare shi. Ban ga laifinki ba. Da ba ki yi wannan tunanin ba, da ba ke ce Lujain ɗin da nake so ba.

To jiya da la'asar, sanda kika tafi wajen mai ɗinki, na je na gaishe ta. Na same ta a kan darduma tana jan carbi. Ta ce, "Angona mai laima, ka zo ka sace min jika ka kai ta bayan duniya?" Na ce, "Kaka, ni na isa? Abu na kawo miki ki ji." Na san idonta ya yi rauni, don haka ban nuna mata benaye ba. Na kunna mata ruwan da Alhaji Ismail ya turo, na kara wayar a kunnenta. Lujain, carbin ya tsaya a hannunta. Ta saurara har ya ƙare, ta ce in sake. Na sake. Sai ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Wanga ruwan kwana ne. Irin shi ne in ya sauka, da safe kowa ya ɗauki iri ya nufi gona." Ta ba ni labarin ƙauyensu, yadda ƙasa ke ƙamshi in ruwan fari ya taɓa ta, yadda suke tara tukwane a bakin rufi, yadda innarta ke kiran ta ta shigo tana ƙi. Ta ce tun da ta zo garin nan tana budurwa ba ta ƙara jin ruwa mai dogon numfashi haka ba. Ta ce kar in gaya miki ta goge ido da gefen mayafi, don haka ban gaya miki ba.

Sai ta tambaye ni, mutanen can ina suke kallo in za su yi salla? Na ce yamma, Kaka, wajen faɗuwar rana. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce ita duk ƙuruciyarta gabas ta sani, har ta ɗauka gabas ɗin ce sunan alƙibla. Sannan ta ce, "To ku tai. Ni na zo ma Ɗakin daga yamma, ku ku zo mishi daga gabas, mu sa shi tsakiya." Amma ta kafa min sharaɗi. Ta ce kar mu dawo kamar waɗanda suka je cefane. Mu ɗaura harami tun daga hanya, mu shigo da labbaika a bakinmu kamar kowane baƙo, don mu da aka haifa a bakin ƙofa ba mu san daɗin isowa ba. Da na miƙe zan tafi ta kama bakin rigata ta ƙara da cewa, "Kuma ka bar ta ta jiƙe ko sau guda. Kar ka tare mata duka." Goggonki Zali ta ce za ta dawo gidan ta zauna da ita har mu dawo, ta ma riga ta fara koyon jerin magungunan.

Ki yi tunanin wannan, ya ruhi! Ni da ke a cikin jirgi, an yi shelar mun kusa miƙati, ina cikin fararen ƙyallaye biyu, kina gefena, muna labbaika da muryar mutanen da suka yi nisa suka dawo. Duk rayuwata ina tsaye a bakin shago ina kallon fuskokin masu isowa, ina ganin wani abu a idonsu da ban taɓa ji a nawa ba. Ashe sai an tafi ake samun sa. Za mu hango hasumiyar agogo daga nesa zuciyarmu ta buga. Za mu bi ta Shisha, Kawu Issoufou ya gan ni cikin harami ya ce, "Alhaji, shamsiyya?" Ni kuma in taya ta da rainin wayo kamar yadda ake yi mana.

Amma yardar Kaka ba yardarki ba ce, na san wannan. Ban je wajenta don in ɗaure ki ba, na je ne don in sauke miki kayan da kika ɗauka ke kaɗai. Yanzu da babu su a kanki, ki tambayi zuciyarki abin da take so. In har yanzu Ɗa'if ce, wallahi Ɗa'if za mu, da farin ciki, in saya miki ruwan wardi da rumman, in kore miki birai, ba za ki taɓa ganin sauyi a fuskata ba. Wurin da kike shi ne garin da nake son gani. Sai dai Alhaji Ismail ya ce damina a can tana da lokacinta, in muka wuce 'yan makonnin bayan biki sai kuma baɗi, shi ya sa nake roƙon amsa a makon nan.

Ga laimar nan na ba Goggo Zali ta kawo miki tare da wannan takarda. Ita ce dai, ba wata ba. Na goge mata ƙura, na gwada ta, tana buɗewa lafiya. Ranar Alhamis bayan la'asar zan bi ta layinku a hankali, kamar mai neman wajen ajiye mota. In kin ga Ɗa'if ta fi, ki bar tagarki yadda take, zan gane, zan wuce ina murmushi, laimar kuma ta ci gaba da jira, ta saba. In kuwa kin yarda, ki buɗe ta a taga ki kalle ni ta cikinta kamar ranar farko. Maƙwabta za su ce jikar Hure ta buɗe laima a cikin ɗaki, laimar ma da ba ta tare rana. Ki bar su su faɗa. Mu ma mun taɓa yin wannan kuskuren.

In kuma muka je ruwan ya ƙi zuwa fa? Sai mu zauna a bakin teku mu jira shi. Na jira ki a garin da ba a ruwa, ta yaya zan kasa jiran ruwa kina kusa da ni?

Ban yi nisa a makaranta ba, amma na lura da wata kalma da ta biyo ni tun daga ranar nan a shago. A Larabci ruwan sama matar ne. In aka ɗan ja ta, filin jirgi ma matar ne. A harshen Kaka kuma, kin san ko mece ce. Guda biyun farko suna jiran mu, ɗaya a Jidda, ɗaya a hayin teku, kuma ko ba su samu ba ba zan yi kuka ba, don ta ukun Allah Ya riga Ya ba ni a gaban shaidu. Kawu ya yi tambaya ranar nan, ni ban amsa masa ba. In mun tsaya a titin nan mai sheƙi, ruwa na buga leda a kanmu, kafaɗata ta waje ta jiƙe sharkaf, zan tambaye ki ita a hankali yadda ba mai ji: matar wa? Ina so in ji amsar daga bakinki, da Hausarki mai ɗingishi.

Ni ne naki a rana da ruwa, a gabas da yamma, mai karkata laima ta ɓangarenki har hannunsa ya tsufa a kan haka,

Mukhtaru
Shisha, Makka